Ranar da Kwamfutar Auta Ta Daina Magana

Auta ne ya fara jin ƙarar. Wani ɗan ƙas-ƙas ne daga cikin kwamfuta, kamar ana ƙyasta farce, ya yi shiru, ya sake dawowa. Ya san wannan ƙara tun zamanin da yake gyaran kwamfutoci a shago, kafin hawan jinin ido ya cinye masa gani. Faifan ajiyar bayanai da ke ciki ya kama hanyar mutuwa.

Yanzu da kunne yake cin abinci. Wani gidan rediyo ke turo masa hirarrakin da aka naɗa, ya saurara, ya buga su a rubuce. Kwamfutar na da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, kuma ya ƙara wa muryar sauri har ba mai gane abin da take faɗa sai shi.

Ya sa aka sayo masa sabon faifai, ya haɗa shi da hannunsa. Abin da ya rage shi ne a kwafe tsohon gaba ɗaya zuwa sabon. Sai dai manhajar kwafin daga filashi take tashi, wato 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, kuma a can muryar ba ta aiki. Dole sai da ido. Ya kira yayarsa, tela ce, ta rufe shago ta zo da safe.

"Ni da ko wayata jikoki ke saita min," in ji Yaya, tana goge tabarau da bakin mayafi. "Ka rasa wanda za ka kira sai ni?"

"Karatu kawai za ki yi, Yaya. Ke ce ido, ni ne hannu."

"Idon da ke neman ramin allura da addu'a? To, bismillah."

Ta ja kujera kusa da shi. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka, da wayoyi da ya ɗaure da roba, kowace da irin ƙullinta don ya gane ta da taɓawa. Ya kunna. Allon ya yi shuɗi.

"Layi biyu ne," ta ce. "Kuma iri ɗaya suke."

"Faifan biyun ne, girmansu ɗaya. Karanta min lambar da ke gefen kowanne. In muka juya su, sabon ne zai hau kan tsohon, komai ya tafi."

Ta kai fuska daf da allo. "Wannan takwas ne... a'a, harafi ne. Tsaya. Ko dai takwas ɗin ne?"

"Yaya, wanne ne?"

"Na ce ka tsaya mana!"

"Abu na gabanki ɓaro-ɓaro, ki kasa karantawa?"

Ya ji kujerar ta ja baya kaɗan.

"Ni na goya ka," ta ce a hankali. "Kada ka ƙara ɗaga min murya."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri. Tsoro nake ji."

Daga ƙarshe ya kashe, ya zare wayar sabon faifan, ya sake kunnawa, ya ce ta duba layin da ya rage. Ta rubuta lambarsa a bayan hannunta da biro. Da haka suka bambance su, kwafi ya fara.

Yaya ta fito da wata riga daga jaka tana farke ɗinki, tana ɗaga kai jefi-jefi ta ce masa koren layin da ke nuna tafiyar kwafin ya matsa. Shi kuwa hannunsa na kan akwatin kwamfutar, yana jin yadda ƙas-ƙas ɗin ke ƙaruwa. Layin ya haye rabi, ya tsaya cak.

"Wani jan rubutu ya fito."

Ta karanto masa harafi-harafi, ya haɗa kalmomin a kansa. Manhajar ta ci karo da wurin da ya lalace a faifan, ta ƙi wucewa. Ya san sake farawa zai ƙara wahalar da faifan da ke numfashi da ƙyar. Ya kuma san yana da ajiyar ko-ta-kwana a wani faifai na waje, wanda ya saita kwamfutar ta riƙa zuba masa aikinsa duk mako. Da wannan ya kwantar da ransa. Ya ce ta nemo inda ake cewa a tsallake wuraren da suka lalace, suka sake daga farko.

Sai bayan azahar aka gama. Ya cire tsohon, ya bar sabon, ya danna makunni, ya sa abin ji a kunne yana jiran muryar ta gaishe shi.

Fanka kawai yake ji.

"Baƙi ƙirin ne," in ji Yaya. "Sai layi ɗaya fari a sama."

Rubutun na cewa ba a sami abin tayar da kwamfuta ba. Ya mayar da tsohon faifan da sauri. Tsohon ya yi ƙas-ƙas, ya yi wani gurnani, ya ɗauke. Bai ƙara motsi ba.

"Ba komai," ya ce, muryarsa ba ta yi kama da ta mai cewa ba komai ba. "Akwai ajiya."

Suka tashi kwamfutar daga filashi, suka buɗe faifan waje. Ya ce ta karanta masa kwanan watan ajiya ta ƙarshe. Ta karanta. Ya ce ta sake. Ta sake. Ajiyar ta tsaya tun watanni da suka wuce.

"Ba zai yiwu ba. Da ta gaza, da muryar ta faɗa min."

Yaya ta ajiye rigar a cinya. "Auta... akwai wani ɗan jan abu da nake gani a ƙasan allonka, a kusurwa, duk lokacin da na zo. Kamar alamar giciye."

"Tun yaushe?"

"Da daɗewa. Na ɗauka ka san da shi. Kai ne gwanin."

Ya gane. Manhajar ajiyar ta daɗe tana kuka, amma da hoto take yi, muryar kuma ba ta karanta hoto. Ya cire abin ji ya ajiye. Ya so ya ce don me ba ta faɗa ba, amma ya tuna sau nawa ta taɓa tambayarsa wani abu a kan allo ya ce mata ta bar shi, ya fi ta sani.

"Da na sani da na yi magana," ta ce.

"Ba laifinki ba ne."

A waje wani mai gyaran mota yana ta buga ƙarfe. Yaya ta tashi ta dafa shayi, ta sa masa kofi a hannu, ta tsaya a kansa har ya kurɓa.

Hanya ɗaya ta rage. Sabon faifan ya kasu ɓangare-ɓangare: ƙanana na tayar da kwamfuta da manhajoji, da babba inda aikinsa yake. Zai goge ƙananan ya girka komai sabo, ya bar babban, da fatan kwafin ya tsallako da abin da ya tsallako. Manhajar girkawar tana da 'yar muryarta. Ya danna madannai, wata baƙuwar murya ta fara karanto ɓangarorin a hankali, kamar mai koyon karatu. Ta faɗi girman wanda ya tsaya a kai. Yatsansa na kan madannin gogewa, bai danna ba.

"Yaya, abin da ta faɗa shi kike gani?"

Ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. "Shi ne. Ƙaramin ne."

Ya danna.

Da yamma kwamfutar ta tashi. Babban ɓangaren yana nan, kuma yawancin tsoffin ayyukansa sun buɗe. Amma hirarrakin da ya shafe makonni yana bugawa, waɗanda gidan rediyon ke jira a farkon mako, sun faɗa cikin wuraren da aka tsallake. Sunayensu na nan, in ya buɗe sai tarkacen haruffa, muryar ta yi ta karanto shirme har ya tsayar da ita.

Ya kira editan gidan rediyon ya faɗa masa gaskiya. Editan ya ja dogon numfashi, ya ce zai sake turo sautin, amma rabin aikin zai ba wani, don ba za su iya jira ba. Auta ya ce ya gode.

Yaya ta naɗe rigar da ba ta gama farkewa ba, ta ce kanta na sarawa, za ta tafi kafin motoci su yi wuya. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ka ci wani abu kafin ka fara."

"Zan ci."

Bai ci ba. Sautin hira ta farko ya shigo, ya buɗe sabon shafi, ya mayar da sautin can farko, ya fara bugawa.