Kafin Rudzani Ya Iso Ranar Juma'a

Ranar Talata labarin ya iske Livhuwani, tana layin sayen tuwo da kaza a bayan ɗakin karatun jami'a. Wata 'yar ƙauyensu da ke aure a Rustenburg, garin masu haƙar ma'adinai, ce ta kira ta. Sai da ta gama kewaye-kewaye sannan ta fasa ƙwan: Rudzani, mijin da Livhuwani za ta aura, ya ajiye wata mace kusa da ramin ma'adinan da yake aiki, kuma an sha ganin matar a layin masu karɓar maganin ƙanjamau.

"Ban ce yana da shi ba," in ji ta. "Na dai ce ki yi ta kanki."

Livhuwani ta fita daga layin ba ta sayi komai ba. Shekarunta ashirin da huɗu, tana ajin ƙarshe na koyon aikin malanta. Tana 'yar shekara sha ɗaya wannan ciwo ya ɗauke uwarta, kuma ita ce mai juya ta a kan tabarma har ƙarshe, don haka ba labari ta ji ba. Kakarta ta rene ta da sayar da mangwaro da fiya a bakin titi. Tun bikin Ista manyan Rudzani suka je gidansu neman aurenta, gwaggonsa a gaba, kuma daga ranar kowa ke kiranta matarsa. Duk wata biyu yake zuwa, ya sauka a ɗakin wani abokinsa cikin gari, ita ta same shi can. Wannan Juma'ar zai zo.

Maganar kwaroron roba kuwa tuni ya kashe ta. Da farko raha ya mai da ita, wai wa ke shan alewa da ledarta. Da ta sake tayarwa sai ya haɗe rai, ya ce macen da ke neman haka ta san abin da ta taka.

Tana kwance da rana tsaka, ido a rufin ɗaki, ta tuno da kwaroron roba na mata. A shekararsu ta farko wata nas ta ɗaga shi sama a babban zaure, ɗalibai suka kwashe da dariya, wani ya ce ai safar giwa ce. 'Yan mata suka yi ta yawo da zancen cewa yana ƙara kamar ledar burodi, wai har akwai wadda ya shige cikinta sai da aka yi mata aiki. Ita ma ta yi dariyar. Yanzu abu ɗaya take tunawa: nas ta ce mace ce ke sa abinta, tun kafin lokaci, ba sai ta roƙi kowa ba.

Da safiyar Laraba ta je asibitin makaranta. Kwalin da ke bakin ƙofa cike yake da na maza, har suna zubowa. Ta tona har ƙasa, babu. Nas ɗin da ke aiki ta ce ba mai ɗauka, na bara ma a ajiye suka lalace, shi ya sa aka daina kawowa da yawa, amma ta leƙo bayan mako biyu. A kantin magani mai sayarwa ya ce bai ji ba, ta ɗaga murya. Ta waiga ta ga samari biyu 'yan ajinsu a bayanta, sai ta sayi maganin ciwon kai ta fito.

Alhamis ta yi watsi da darasi ta hau mota zuwa wani asibitin gundumar. Awa uku tana kan benci. Da layi ya zo kanta ta tura ƙofa, sai ga matar da ke waƙa tare da uwar Rudzani a coci, sanye da fararen kayan nas.

"A'a, amaryarmu ce? Me ke damunki, 'yata? Ko dai an gamu ne tun kafin biki?"

Ta ce cikinta ne ke murɗa. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ba ta gaisuwa ta kai wa kakarta.

Da la'asar, a wurin wanki na ɗakin kwanan ɗalibai, kukan ya ƙwace mata. Nan Mashudu ta tarar da ita. Malamar firamare ce mai shekara arba'in da ta dawo neman digiri, 'yan mata na kiranta Kaka a bayan ido. Ba ta tambayi komai ba sai da ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta gama ji, ta buɗe jakar ɗinkinta ta fito da na matan guda uku. Ta farke ɗaya, ta dunƙule hannu, ta nuna mata yadda ake matse zoben ciki a tura, na waje ya tsaya a waje. Ta sa ta maimaita har sau huɗu, ta ce zancen ɓacewa a ciki ƙarya ce ta waɗanda ba su taɓa riƙe shi ba.

Livhuwani ta tambaya a hankali ko zai gane.

"Ƙanwata, makaho ma zai gane. Wannan ba ya ɓoyuwa. Duk yadda kika yi, sai kin buɗe baki."

Ji ta yi kamar an janye mata tabarma. Kwana uku tana gudu ne don kada ta yi magana. Mashudu ta ce akwai ƙwayar kariya da ake sha kullum, amma ba ta kama jiki cikin kwana ɗaya. Sannan ta nuna mata wata kwalbar maganin ƙanjamau a bayan littattafai, ta ce shekararta tara tana haɗiyar abin da ke ciki, kuma mijin da ya kawo mata tsarabar dattijon coci ne.

Ranar Juma'a Rudzani ya iso da azahar, da soyayyar kaza da sabon takalmi a kwali, ta same shi a ɗakin abokinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka saba. Bayan sun ci, ta ciro abin daga jaka ta ajiye a bakin gado. Ya juya shi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga ba ta taya shi ba, dariyar ta mutu.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ko wannan, ko mu je a gwada mu tare. In ba haka ba zan koma makaranta."

"Ni kike wa sharaɗi? Da na shekara ina cikin rami dominki?"

Ta ce ta ji labarin matar Rustenburg. Bai musa ba, bai amsa ba. Ya kama wuyan hannunta ya matse, yana tambayar wanda ya gaya mata. Ta ƙura wa ƙofa ido tana lissafin taku nawa ne. A tsakar gida matar abokin nasa na shanya, tana 'yar waƙa. Wataƙila wannan ne ya sa ya sake ta. Ta fita ta bar takalmin a kwalinsa.

Kafin Lahadi gwaggonsa ta je ƙauye ta ce jami'a ta lalata yarinya, har kayan karuwai take yawo da su a jaka. Kakar Livhuwani ta daina zuwa coci na wata guda saboda bakin mutane. Litinin Mashudu ta raka Livhuwani gwaji. Babu komai, amma da yake haɗuwarta ta baya da Rudzani ba ta wuce wata biyu ba, aka ce ta dawo a sake dubawa. Cikin wannan jira ta rubuta jarrabawar ƙarshe, tana shafa wuyanta kowace safiya tana neman kumburi, tari kaɗan sai gabanta ya faɗi. Ta rame har siket na zame mata.

Gwaji na biyu ma ya fito lafiya. Ta zauna a dakalin asibitin ta kasa tashi, sai da mai shara ta roƙe ta ta ɗaga ƙafa. Auren bai yiwu ba. A watan Janairu aka tura ta koyarwa wata makaranta kusa da iyakar Zimbabwe, ta ɗauki kakarta suka tafi tare.