Farin Zanen Gado

Sista Salomi Dzarma ta sake miƙa cokalin kunu, Ya Bintu ta sake kawar da kai bango. Kunun ya huce har ya yi fata. Tsohuwar ta rufe ido. Ƙafarta mai lafiya ce kawai ta motsa, ta ture zanen gadon da aka lulluɓe ta da shi har ya zame ƙasa.

"Sista, ki daina wahalar da kanki," in ji ɗanta Tahir, da Hausarsa mai nauyin Barebari. Tuni ya ɗaure 'yan kayansu a buhu. "Na yi magana da mai Keke, da azahar zai zo. In mutuwa ce, gara ta same ta a cikinmu, a sansani."

"A sansanin wa zai wanke mata ciwon?"

"Allah yana nan."

"Yana nan, shi ya kawo ta wurinmu ma. Ka ba ni zuwa azahar ɗin."

Ƙarfe ta taka ranar da suka gudo daga ƙauyensu na wajen Konduga, ciwon ya ruɓe kafin su iso Maiduguri. Likita ya yi nasa, allura tana aiki, amma ya faɗa ƙarara: jikin da ba ya cin abinci ba ya haɗa ciwo. In ta ci gaba a haka ƙafar za ta tafi, sauran jiki ya bi. Salomi kuwa ta san tantunan sansanin 'yan gudun hijira, ta san ƙudajensu. In Keke ya fita da matar nan yau, ta tafi ke nan.

Kada a ɗauka Salomi irin nas ɗin nan ce mai sanyin murya. Ina! Gajeriya ce, ga faɗa, in ta kira sunanka daga wannan ƙarshen ɗakin sai na wancan ƙarshen ya gyara kwanciya. Amma Allah ya ba ta ido. A makarantar jinya akwai wani malaminsu, Mista Wilson, da ya dame su da darasi ɗaya: wai mutum da inda yake zaune abu guda ne, ba a raba su. Iskar ɗaki, ƙarar da ke shiga kunne, warin da ke shiga hanci, mutanen da ke kewaye, duk a cikin majiyyaci suke, shi ma yana cikinsu. "Har ke mai jinyar," in ji shi, "kina cikin ciwon, kina cikin maganin." Ɗalibai suka haddace don jarrabawa, suna fita suka watsar. Ita ce dai abin ya maƙale mata.

Ta sunkuya ta ɗauki zanen. Kullum haka yake, a shimfiɗa, a dawo a same shi a ƙasa, an ɗauka zafi ne. Tana riƙe da shi wata mai duba mara lafiya ta wuce cikin koriyar lafaya, sai ta ga idon Ya Bintu ya buɗe ya bi matar har ƙofa. Wata nas ta gifta da farin kayanta, idon ya rufe ruf. Salomi ta dubi zanen hannunta, ta dubi bango, ta dubi rigar jikinta.

Ta ja Tahir zuwa baranda. "Me ya haɗa mamanka da farin ƙyalle?"

Ya sauke murya ya ce, "Bayan 'yan bindiga sun shigo mana, washegari ita ce ta yi ta yanka likkafani, don ita ta iya ɗinki. Na babana, na yayyena biyu, na maƙwabta. Har farin yadi ya ƙare a garin." Ya share fuska da hularsa. "Ranar da aka kwantar da ita a nan ta ce min, 'Har kun shirya ni?' Tun daga nan ba ta ƙara magana ba. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Salomi ta ji kunya, kunya sosai. Kwana da kwanaki suna ɗora mace a kan gadon ƙarfe mai tsawo, suna lulluɓe ta da fari har wuya, su tsaya a kanta cikin fararen kaya suna cewa ta buɗe baki.

Matron Muhsinat, shugabar nas-nas na ɗakin, 'yar Barebarin unguwar Abbaganaram ce, dattijuwa, ba ta son wargi a wurin aiki. Ta saurari Salomi har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Turaren wuta a ɗakina? Ga tukwanen iskar numfashi a jere? Sista, kina lafiya?"

"Ba a ɗaki ba, Ma. A gindin darbejiya, inda masu jinya suke zama."

"A ƙasa, da buɗaɗɗen ciwo."

"Zan naɗe shi da kyau, in sa leda a ƙarƙashi."

"In wani abu ya same ta a wajen, ke za ki amsa, ba ni ba."

"Na ji, Ma. In ta zauna a ciki kuma, da azahar ba mu da ita."

Matron ta dube ta ta saman tabarau. "Je ki. Ban ce na yarda ba."

Daga nan fa sai ka ga aiki. Salomi ta sa aka fitar da katifa aka ɗora a tabarmar Tahir, ta kwance buhun da ya ɗaure ta zaro tsohuwar lafayar Ya Bintu, ruwan goro, ta shimfiɗa a kai. Ta fita ƙofar asibiti, ta wuce buhunan yashin sojoji, ta sayo turare a wurin wata mai tire, ta roƙi garwashi a wurin mai shayi. Sojan da ke bincike ya leƙa kaskon ya ce, "Sista, girki za a yi?" Ta ce masa ya ji da bindigarsa. A jakarta akwai zanen atamfa da take rufe kayan aiki da shi in za ta koma gida unguwar Umarari, don a shekarun nan ba kowa ke son a gane aikinsa a hanya ba. Ta ɗaura shi har ƙirji, ta cire hular nas ta yafa ɗankwali.

Matan da ke jinyar 'yan uwansu suna zaune a inuwar da kulolinsu. Wata Binta ta ga ana sauke tsohuwa a katifa, ba wanda ya roƙe ta, ta juye burabisko a faranti, ta zuba miyar kuɓewa, ta matso. Wasu biyu suka matso su ma. "Wushe, Ya," suka gaishe ta, suka ci gaba da hirarsu da Barbarci, ana gulmar wani suruki.

Ya Bintu tana kwance, ido a rufe. Hayaƙin turare ya bi ta kanta, ganyen darbejiya yana faɗowa a lafayar. Rana ta take tsaka, inuwa ta tattare, Salomi ta ji zufa tana bin bayanta. Tahir ya fara mayar da kaya cikin buhu. Sai ta ji tsoro ya kama ta, ko dai ta wahalar da mace mai mutuwa ne a banza, saboda darasin wani malami.

Matron ta fito da fuskar faɗa, ta tsaya a kansu. Daidai nan hancin tsohuwar ya motsa. Ta yamutsa fuska, ta buɗe ido, ta nemi kaskon da kallo, ta yi magana da Barbarci, da wata murya a shaƙe. Matan suka yi tsit, sannan suka fashe da dariya.

"Me ta ce?" in ji Salomi.

Matron ta shaƙi hayaƙin, ita ma ta yamutsa fuska. "Ta ce wa ya cuce ki da wannan? Garin katako ne da sukari. Kuma gaskiyarta." Ta saurari sauran maganar. "Ta ce a nemo mata hawi da gajiji, in ƙafar nan ta ɗauke ta za ta nuna miki yadda ake haɗawa."

Aka tayar da Ya Bintu zaune, aka jingina ta da gindin bishiya. Ta dubi farantin, ta dubi Salomi da ke durƙushe da cokali a hannu, ta ce da Hausa, a hankali, "'Yata, ajiye wannan. Wanke hannu."

Salomi ta wanke hannu ta sa a farantin. Sai da ta kai loma bakinta, tsohuwar tana kallo, sannan Ya Bintu ta miƙa nata hannun, ta dunƙula 'yar ƙarama, ta ci. Ta tauna ta daɗe, ta sake miƙawa. Salomi ta sunkuyar da kai tana share ido, wai miyar ce ta yi yaji.

Matron ta juya za ta koma, ta tsaya. "Gobe zan kawo nawa turaren, kada ki kashe mana mutane da wannan. Zanen gadon nata kuma a canza."

Aka kira sallar azahar a masallacin asibiti. Daga bakin ƙofa mai Keke ya danna hon, ya ƙara dannawa. Tahir ya miƙe da buhun a hannu, ya dubi uwarsa tana lasar yatsa. Ya ajiye buhun a gefen tabarma, ya tafi ya sallami mutumin.