Ragon Ɗantsoho da Ƙyauren Tagulla

A wani ɗan ƙauye kusa da Sule Tankarkar, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, mutane suna ta musu ko da ƙafa yake tafiya ko da ciki, an yi wani mutum ana ce masa Ɗantsoho. Ba shi da mugunta, Allah ya jiƙansa, son a sani ne kawai ya yi masa yawa. Idan ya sayi sabuwar hula, sai ya zaga gari yana sake gaida mutanen da ya riga ya gaisar da safe.

Wata shekara ya bi fatake Damagaram, ya dawo da wani faffaɗan fallen tagulla wanda ya fi babban faifai faɗi nesa ba kusa ba. Ya kira maƙeri ya ce a manna masa shi a ƙyauren zaure, wanda ake bi a shiga cikin gida. Ƙyauren kuwa dama ya tsufa, allunansa duk sun rabu da juna. Maƙeri ya bi tagullar da ƙusoshi, ya lanƙwashe su ta baya, ya ce yanzu ita ke riƙe da ƙyauren, ranar da aka cire ta sai dai a hura wuta da itacen.

Matarsa Lauratu ta fi shi son abin. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali, irin wadda ke share tsakar gida ta koma ta share sawun da ta yi tana shara. Kowace safiya sai ta wanke tagullar nan da tsamiya da toka, ta shafa ɗan man shanu, ta goge da tsumma. Ta yi ƙyalli har matan unguwa suka riƙa zuwa aron wuta babu dalili, don dai su tsaya su gyara ɗaurin kallabi.

To, akwai rago a gidan. Uda ne, gabansa baƙi, bayansa fari, Ɗantsoho ya sayo shi yana ƙarami a kasuwar Maigatari. Tun da yake bai taɓa yin layya da rago ba, kullum ɗan akuya, kullum ɗan akuya, har abokansa suna cewa gidansa warin bunsuru ne ke nuna Sallah ta zo. Saboda haka babu wanda bai gaya wa ba cewa bana za a gani. Ya gaya wa liman, ya gaya wa masu jiran guga a bakin rijiya, ya gaya wa wani baƙo daga Gagarawa wanda hanya kawai ya tambaya.

Da safe ragon yakan bi garken Bappa, wani Bafulatani da ke kiwon dabbobin gari, da yamma ya dawo ta zaure. Yana ƙarami bai kula da ƙyauren ba. Amma da ƙahonninsa suka murɗe, wuyansa ya cika, rannan da la'asar ya shigo ya ɗaga kai, sai ya ga wani ƙaton rago tsaye a ƙofar gidansu yana kallonsa, ko sallama babu. Ya buga ƙafa, wancan ya buga. Ya sunkuyar da kai, wancan ya sunkuyar. Sai ya ja da baya har bakin zaure, ya taho.

Ƙarar da aka ji, Lauratu ta ce ta zaci maƙera ce ta faɗo daga sama. Kaji suka watse, jakin maƙwabta ya kama kuka. Rago ya girgiza kai ya duba, ga mutumin nan yana nan, shi ma yana girgiza kai. Sai ya sake ja da baya.

Daga ranar abin ya zama safe da yamma. Bappa, wanda dama akwai wasa tsakaninsa da Ɗantsoho, da yake shi Bafulatani ne, Ɗantsoho kuma jinin Mangawa ne, dangin Barebari, ya ce shi bai yi mamaki ba, dabba halin ubangidanta take ɗauka, kuma Bamange in bai sami abokin gardama ba da inuwarsa yake yi. Ɗantsoho ya ce bawa ba ya sa baki in iyayen gidansa suna shawara. Suka yi dariya, domin a lokacin abin bai zama abin tsoro ba.

Liman Ilu ne ya ɓata dariyar. Ya biyo ta ƙofar gidan ana cikin karon yamma, ya tsaya ya kalla, sannan ya sa aka riƙe masa ragon, ya shafa gindin ƙahon hagu. Akwai ɗan tsagi, siriri kamar zare.

"Malam Ɗantsoho," in ji shi, "ƙahon nan in ya karye yana jini ranar Sallah, ba layya ka yi ba, nama ka ci."

Ga watan Sallah ya kusa kamawa. Ɗantsoho ya tuna da duk mutanen da ya gaya wa za a gani, har baƙon Gagarawa, gumi ya keto masa.

Za ku ce me ya hana a ɗaure ragon. An ɗaure. Ya tauna igiya ya tsinke, aka sa ta fata, ya kwana yana kuka yana fizga har wuyansa ya fara saɓulewa, liman ya ce wannan ma aibi ne ke tafe. Aka rataya tabarma a kan tagullar, ya cinye gefenta, ya leƙa, ya ga mutuminsa a ɓoye, ya ƙara fusata. Lauratu ta sadaukar da tsohon zane, ya fizge shi da ƙaho ya zaga gari da shi a ka kamar amarya. Cire tagulla kuma ba ta taso ba, gida ba ya kwana babu ƙyaure, ga kura tana yawo a lokacin.

Sai Ɗantsoho ya ce a shafe ta kawai, kamar yadda ake shafe bango. Wancan zamanin babu fenti na gwangwani, abin da ƙasa ta ba ka shi ne naka. Ya fara da farar ƙasa. Ya dama, ya shafa da tafin hannu, ta yi fari tas, ya ja da baya yana yaba kansa. Kafin ya wanke hannu ta fara gangarowa kamar kunu a haɓar yaro. Abin da ya rage ya bushe, rago ya zo ya yi atishawa ɗaya, ya zube gaba ɗaya, sai ga mutuminsa.

Ya koma jar ƙasa da makuba, irin wadda ake yi wa daɓe. Ta bushe ta ɓamɓare kamar ƙanzo. Ya je marina ya roƙi ruwan baba, ya shafa, tagulla ta ƙi sha, shi ne ya sha. Hannuwansa suka yi shuɗi har gwiwa, gemunsa ma ya samu, da yake mutum ne mai shafa gemu in yana tunani. Bappa ya ce yanzu kam an huta, in ragon ya ƙi layya sai a kai maigidan kasuwa a sayar a matsayin rawani.

Abin da Ɗantsoho bai sani ba, duk safiya kafin ya dawo daga masallaci, Lauratu takan ga ɓarɓashin shafen jiya a kan tagullarta, zuciyarta ta kasa ɗauka. Sai ta wanke, ta shafa man shanunta, ta goge. A ganinta taimako take yi, ai ba a shafe a kan dauɗa. Rannan ya dawo da wuri ya same ta da kwalbar duma ta mai a hannu. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da aka manna ta, ko fashi ba ta taɓa yi ba, kuma ta faɗa da alfahari.

"Lauratu, ke da kanki in kin shafa wa tukunya mai, don me kike yi?"

"Don kada abu ya kama, Malam."

Ta faɗa, sai ta dubi man, ta dubi ƙyaure. Sannan ta ce ai da ya tambaye ta da ta gaya masa.

Aka wanke tagulla da ruwan toka mai zafi har mai ya fita. Wannan karon Ɗantsoho ya jiƙa ƙaro ya narke, ya kankaro kunkunniya daga rufin ɗakin girki, ya haɗa ya dama, ya yi baƙi ƙirin mai danƙo. Ya shafa. Washegari gefe da gefe duk ya tattare ya ɗago, amma na tsakiya ya zauna daram. Suka tsuguna su uku, shi da Lauratu da Bappa, suna kallo. Tsakiyar nan ita ce inda ƙahonnin rago suka yi ta kartawa, duk ta yi kaushi. Inda Lauratu ta goge ya yi santsi, nan ne ya ƙi.

Bappa ya nuna rago ya ce to ga malamin shafe nan a gida, ana ta zaginsa, ashe aiki yake koya musu. Ɗantsoho ya kawo yashi da ɓawon masara ya ce a karce sauran. Lauratu ta ce ita ba za ta iya gani ba, ta shige ɗaki. Da ta ji yadda yake karcewa, wani wuri ya yi wani bai yi ba, sai ta fito ta karɓe, ta ce in ɓarna za a yi a yi ta da kyau. Tana karcewa tana share hawaye da gefen zane, kuma babu wurin da ta bari.

Shafe ya kama. Ya bushe ya yi baƙi, ka sa farce ba ya tashi. Rago ya shigo da yamma, ya ja da baya zai yi abin da ya saba, bai ga kowa ba. Ya matso ya sunsuna. Ya sa harshe. Ashe ƙaro yana masa daɗi. Ya lasa, ya lasa, mutanen gida suna can suna cin tuwo suna murna, har ya buɗe wuri kamar tafin hannu. Duk da karcen da aka yi, miyau ya sa wurin ya ɗauki haske, sai ga mutuminsa a ciki, ya zaro masa harshe. Lauratu ta ce karon ranar ya fi na kullum, domin har da zagi a ciki.

Allah ya sa ƙahon bai tafi ba. Da safe aka dafa ɓawon maɗaci, aka dama sabon shafe da ruwansa, aka yi hawa biyu, ana bari na farko ya bushe. Rago ya lasa sau ɗaya, ya ɗaga leɓe sama, ya tsaya haka yana kallon rufin zaure kamar yana tuna iyayensa. Bai ƙara ba.

Ɗantsoho ya yi barci mai daɗi, amma ba a daɗe ba wata matsalar ta ɓullo. Rago ya daina cin abinci. Ya shigo ya tsaya gaban baƙin ƙyaure, ya yi ɗan kuka, ya zaga baya ya duba, ya dawo ya kwanta. Aka kawo dusa da kanwa, ya kau da kai. Aka kawo harawa, ya sunsuna ya bari. Kwiɓinsa ya fara faɗawa, wata kuma ya riga ya kama. Liman Ilu ya sake biyowa, ya matsa bayansa, ya ce ramammen da ya rame sosai shi ma ba ya layya, ya wuce abinsa. Ɗantsoho ya ce shi liman nan bai taɓa biyowa ta gidansa da labari mai daɗi ba.

Bappa ya daɗe yana kallon ragon, ya jingina da sandarsa. Ya ce ba ciwo ba ne. Da can yana ci ne don ya yi ƙarfi ya kayar da wancan, yanzu an ɗauke masa abokin gaba, don wa zai ci?

"To in goge shafen, ya karya ƙaho?" in ji Ɗantsoho.

"Kai dai bawana, kanka sai hula. Kada ka ba shi ragon duka. Ba shi ido ɗaya."

Lauratu ce ta yi aikin. Ta auna tsayin idon rago, ta kankare wuri kamar goro da bakin wuƙa, ta goge shi da tsamiya da toka, ta ɗiga masa man shanu har ya yi ƙyalli irin na da, tana yi tana murmushi. Aka ajiye akushin dusa daidai ƙarƙashinsa.

Rago ya tashi da ƙyar ya leƙa. Ga ido yana kallonsa daga cikin duhu. Ya ja da baya, ido ya ɓace. Ya matso, ido ya dawo. Babu ƙaho, babu goshi, babu inda za a kara. Ni dai ban shiga zuciyar rago ba, amma duk wanda ya gani ya ce ya ɗauka an kulle mutuminsa ne a ciki, yana leƙe ta huji. Ya buga ƙafa. Sannan ya sa baki a dusa, ya cika, ya ɗago yana taunawa a hankali daidai hujin, don wancan ya gani. Ya cinye akushi, aka ƙaro, ya cinye. Daga nan ko kiwo sai Bappa ya ja shi, ya fi son ya tsaya ya ci a gaban ɗaurarre.

Ranar Sallah bayan an sauko idi, Liman Ilu ya zo da wuƙarsa, mutane cike da ƙofar gida, domin duk wanda aka gaya wa za a gani ya zo gani. Ya duba ido, ya duba kunne, ya matsa baya yatsunsa suka nutse. Ya kama ƙahon hagu ya girgiza, Ɗantsoho ya rufe ido. Tsagin yana nan, amma ya bushe, babu jini.

"Ya yi," in ji liman.

Ɗantsoho ya shafa gemunsa, wanda har lokacin da sauran shuɗi, ya dubi abokansa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo rabo ya aika wa Bappa cinya guda. Bappa ya karɓa, ya aiko a gaya wa bawansa ya gode da ta wannan, yana jiran ta wancan na cikin ƙyaure, tun da shi ma da shawararsa aka kiwata shi.