Ƙarar da Bakanike Ya Kashe

Wani dare, barci ya fara ɗaukar Bakanike ke nan, sai ya ji wata ƙara, kirrrr, kamar an kulle gyare a gwangwanin madara. Ya juya ya ga matarsa zaune a bakin gado, ta kafa wani farin abu mai kama da usur a baki, tana zuƙa da iya ƙarfinta.

"Tsohuwa, me kika haɗiye?"

Sai da ta gama riƙe numfashi sannan ta amsa. "Sabon maganin asma ne. Kafso ake sawa a ciki, a huda shi, a zuƙe garin. Ka kwanta, ba babur ba ne."

Ya kwanta, amma idonsa biyu. Tun yana saurayi yake kwance kafiretan babura, kuma a iliminsa duk abin da ke karkarwa ya kwance ne, duk abin da ake ja da wahala ya toshe ne. Ga shi an haɗa wa matarsa duka biyun a abu ɗaya.

Da safe tana wanka ya ɗauke abin ya tafi da shi rumfarsa. Ya ɗaga shi a rana, ya ga wasu ƴan ƙofofin iska guda biyu a gefe, sirara, kuma a karkace.

"Ji aikin ragwaye," in ji shi. "Ko hudawa ba su iya yi a miƙe ba."

Ya gasa ƙusa ya buɗe ƙofofin har ɗan yatsa ya kusa shiga. Ya yanko ƴar roba daga tsohon tiyub ya cusa a mazaunin kafso don ya zauna daram. Ya zuƙa ya ji iska na wucewa salin alin, ya mayar da shi ƙarƙashin matashinta.

Daren nan ɗaki ya yi tsit. Tsohuwa ta jijjiga abin ta ce, "Yau bai yi kuka ba."

"Ya saba da ke ne," in ji Bakanike, yana murmushi a duhu.

Ƙarar abin ta mutu, sai ta ƙirjinta ta taso. Kafin mako ya zagayo ba ta iya shanya wanki sai ta zauna a kan bokiti tana haki. Ko faɗa ta daina yi masa, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Ya ɗora ta a babur suka nufi kantin magani.

Mai magani, wata doguwa mai tabarau, ta fara ba Tsohuwa maganin feshi har numfashinta ya daidaita. Sannan ta buɗe farin abin, ta ciro kafson jiya, ga gari cike a ciki. Ta ɗago robar da tsinke.

"Mama, akwai ɓera a gidanku?"

"Akwai ɗaya," in ji Tsohuwa. "Mai gemu."

"Ƴata, ai toshewa ya yi," in ji Bakanike. "Buɗe masa hanya na yi."

"Baba, toshewar ita ce aikin. Da gangan aka matse ƙofofin aka karkata su, don iska ta shigo da gudu tana juyawa kamar guguwa. Ita ke wulwula kafson, ƙarar da kake ji ke nan. Juyawar ce ke fito da garin ta farfasa shi ya yi laushi har ya kai can ƙasan huhu. Masu yin sa a kwamfuta suke gwada yadda iska za ta bi kowace kwana kafin su ƙera."

"Guguwa?" Ya karɓi abin ya leƙa ciki da ido ɗaya. Tunaninsa ya tafi: ƴar guguwa da ba ta kai ƙwayar wake ba, tana kwana ƙarƙashin matashin matarsa, shi kuma ya bi ta da ƙusa.

"Da kafireta ne dai..." ya fara.

"Da kafireta ce ni, da tuni ka sayar da ni a kayan gwangwan," in ji Tsohuwa. Jin ta dawo faɗa ya sa ya ji sanyi a ransa.

Aka ba ta sabo. Ta ɗaure shi a bakin zaninta ta yi ƙulli biyu tana kallonsa. Tun daga ranar, in dare ya yi sai ya kasa kunne, yatsunsa na ƙaiƙayi, ba ya runtsawa sai ya ji kirrrr.

Ran nan da safe Tsohuwa na shanya wanki a tsaye, shi yana goge babur, sai Tela maƙwabcinsu ya leƙo ta kan katanga.

"Wai maƙwabci, mene ne ke karkarwa a ɗakinku kullum? Kai da gyara sana'arka ce, ba za ka ɗan duba shi ba?"