Shukar Ajin Ƙanana

Ranar Litinin ce, washegarin ruwan farko mai ƙarfi na daminar bana. Gari ya waye da sanyi, ƙasa na ƙamshi, lungunan Ƙofar Galadima sun cika da taɓo. Zaharaddini ya tsayar da Keke Napep ɗinsa a ƙofar makaranta, ya waiga ya ga ɗansa Suhaib ya ƙanƙame ƙarfen kujera da hannu biyu.

"Sauko mana, ɗan Baba."

Yaron wuyan rigarsa kawai yake tauna. Shekararsa huɗu, kuma kafin a sa shi makarantar nan surutunsa har gundurar mutanen gida yake yi. Yanzu sai ya wuni bai haɗa kalma biyar ba.

Makarantar tsohon garejin mota ce da aka raba da katako. Tagarta ɗaya, ba ta fi faifai ba. Yara na zaune a matse tun safe har azahar, suna maimaita sunayen 'ya'yan itacen da ba su taɓa gani ba. Babu filin wasa. Wanda ya motsa, bulala. Iyaye kuwa suna son wurin, don yaro kan dawo da farar safarsa fes, da jaka cike da aikin gida.

Hajiya Sa'adatu mai makarantar na tsaye tana kallon sama, inda iska ta yaye kwanon ajin ƙanana.

"Malam Zaharaddini, gara da na gan ka. Yaronka ya gagare mu. Ba ya zama, ba ya magana. In aka zo jarrabawar ƙarshen zango bai buɗe baki ba, ka nema masa wani wurin."

"Hajiya, a taimaka."

"Taimakon ke nan da na faɗa maka da wuri."

Zaharaddini ya dubi ɗansa. Shi ma a aji huɗu ya bar firamare, don zama a benci ji yake kamar a kan tururuwa aka ɗora shi. Bai son ɗansa ya bi wannan hanyar.

* * *

Kafin a gyara rufin, Hajiya ta ce wa malamar ajin, Anti Radiya, ta nemi inda za ta riƙe yaran. Ita kuwa ta jera su bibbiyu ta kai su wani fili na gidansu a gindin ganuwa, inda wata tsamiya ta yi inuwa.

Ba a jima ba Sailuba, matar Zaharaddini, ta tare shi a tsakar gida da yunifom a hannu.

"Baban Suhaib, duba nan. Makaranta muka sa shi ko kwaɓar ƙasa? Jar ƙasa har cikin aljihu. Jiya ma wake na tsinta a ciki."

A majalisar masu keke ma bai tsira ba. Aƙilu, wanda 'yarsa Munira ke aji ɗaya da Suhaib, ya tare shi da dariya.

"Ina uban manomi? An ce ɗanka ya samu digiri a kan fartanya."

"Taka 'yar fa?"

"Ai ni cire ta zan yi. Kakana ya yi noma, ubana ya gudo birni don kada mu yi. Yanzu a tuɓe wa 'yata takalmi a sa ta tattaka taɓo? Da sunan boko?"

Maganar ta tsaya wa Zaharaddini a rai. Washegari da hantsi ya sauke fasinja a Gyallesu, ya juya kan keken ya nufi gindin ganuwa, da niyyar ɗauko ɗansa ya gaya wa malamar abin da ba za ta manta ba.

Abin da ya fara gani takalma ne, an jera su a gindin tsamiya, kowanne da safa a ciki. Anti Radiya ta ɗaure mayafinta a ƙugu tana sara da sungumi, dogon abin saran ramin shuka. Yara na biye da ita ba takalmi, kowa da layinsa. Su jefa wake a rami, su rufe da diddige, kamar yadda ake yi a kowane ƙauye.

"Nawa ake sawa?" in ji ta.

"Uku!"

"In tsuntsu ya ci ɗaya?"

"Saura biyu!"

Ya duba bai ga nasa a cikinsu ba. Can ya hango shi a tsohon layi, ya durƙusa yana tono da yatsa.

"Kai Suhaib! Me kake yi?"

Yaron ya ɗago. Bai tsorata ba. Ya sheƙo da gudu, tafin hannunsa a buɗe.

"Baba, duba! Ya fito da wutsiya! Jiya babu, yau akwai. Anti ta ce ba wutsiya ba ce, saiwa ce, da ita yake shan ruwa. Baba, ba shi da baki, ta ina yake sha? Kuma na ga tana, ba ta cizo, Munira ta yi kuka, ni ban yi ba."

Zaharaddini ya duƙa ya dubi waken da ke tafin hannun yaron. Ya manta rabon da ya ji muryar nan ta yi tsawo haka.

Anti Radiya ta ƙaraso tana share gumi. "Sannu da zuwa, Malam. Kullum sai ya tone wakensa ya ga ko ya tsiro. Na hana, na gaji, sai na ware masa rami ɗaya na tono."

"Malama, to karatun fa? Hajiya ta ce in bai iya ba..."

"Suhaib, rubuta wa Baba harafin wake."

Yaron ya ɗauki tsinke ya zana W a jiƙaƙƙiyar ƙasa, babba, a karkace. Ya tsallake ta, ya dawo ya ƙara wata.

"Ba ƙin karatu yake ba," in ji ta a hankali. "Ƙafarsa ce ba ta son ɗauri. Ni ma a garejin nan kaina ciwo yake kafin azahar, balle su."

Zaharaddini ya koma kekensa shi kaɗai.

* * *

Da aka gama rufi, Hajiya ta kira taron iyaye a cikin garejin. Kafin a gama addu'ar buɗewa maza sun fara fifita da huluna. Aƙilu ya miƙe ya ce a dawo da yara aji, a daina mai da su 'yan ƙauye. Da yawa suka gyaɗa kai.

Zaharaddini bai taɓa magana a taro ba. Amma ya tashi.

"Ni ban yi karatu mai nisa ba, kowa ya sani. Amma Alhaji Adamu, tun ɗazu kake duban ƙofa. Malam Aƙilu, rigarka ta jiƙe sharkaf. Yanzu muka shigo fa. Su nan suke wuni."

Wani ya yi dariya, wata uwa daga baya ta ce, "Wallahi gaskiya ne."

"Yarona ya daina magana a ɗakin nan. A gindin tsamiya ya dawo da ita. Hajiya, ki gwada shi a can, in bai amsa ba, da kaina zan cire shi."

Hajiya ta daɗe tana juya carbinta. Ba ta son rasa ɗalibai, amma ita ma gumin ke bin wuyanta.

"Safiya biyu a mako," in ji ta. "Talata da Alhamis. Wanda bai yarda ba, ban riƙe ɗan kowa ba."

Aƙilu ya kaɗe rigarsa ya fita. Wasu suka bi shi.

* * *

A gindin tsamiya aka yi jarrabawar ajin ƙanana. Hajiya da kanta ta zo, ta zauna a kan tabarma. Suhaib ya ƙirga furannin wakensa, ya rubuta sunansa a ƙasa, sannan ya shiga ba ta labarin tana har sai da ta ɗaga hannu.

"Ya isa, malam! Wai wannan ne ba ya magana?"

Ya wuce aji na gaba. Sailuba ta saya masa baƙar safa, ta huta.

Da kaka ta yi, Anti Radiya ta dafa waken a babbar tukunya, kowane yaro ya ci da hannunsa. Abin da aka rasa a daminar ba shi da yawa: takalmi ƙafa ɗaya da ya faɗa kududdufi, layi biyu da akuya ta cinye, da yara shida da iyayensu suka mayar wata makarantar gareji a bayan kasuwa. Munira na cikinsu. Layinta ya yi 'ya'ya kamar na kowa, ba a samu mai tsinka ba.