Wayar da Na Yanke

Ranar da na goge ginshiƙin get da mota karo na biyu, babban ɗana ya zo har gida ya ce in ba shi makullin motata. Bai faɗa da gadara ba, wannan kam ba zan yi masa ƙage ba. Zama ya yi a ƙasa kusa da ƙafata, ya kwantar da murya irin yadda yake yi wa waɗanda suke zuwa ofishinsu na inshora bayan sun yi haɗari. Muryar ce ma ta fi ba ni haushi. Ya ce zai ɗaukar min direba, ya ce motar ta tsufa, ya ce wuyana ba ya juyawa. Na ƙarshen gaskiya ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a sunkuye a ɗakin haihuwa ina karɓar 'ya'yan mutane, wuyan ya ƙage, in zan kalli baya sai na juya har da kafaɗu.

Na ce masa motar nan da gumina na saye ta, a cikinta na kai shi jami'a da katifarsa ɗaure a sama, kuma da ita nake zuwa inda raina ya so ba tare da na sanar da kowa ba. Direba kuwa ɗan rahoto ne mai albashi. Manaja, haka ƙannensa suke kiransa tun yana firamare saboda son tsara wa mutane rayuwa, ya ce to mu yi haka: ranar Asabar zai dawo, in fitar da motar da baya daga rumfa har titi yana kallo. In na fita lafiya, ya ja bakinsa ya yi shiru. In na taɓa wani abu, makulli ya zama nasa. Na amince nan take, don ban ga dalilin da zai sa yaron da na yi wa wanka ya ga tsorona ba.

Sai da ya tafi tsoron ya zo. Tsakanin ginshiƙan nan biyu da jikin motar bai fi taƙi ɗaya ba ta kowane gefe, madubin hagu kuma ya daɗe da yin hazo.

A motar wata tsohuwar abokiyar aikina na taɓa ganin rediyo mai allo kamar na babbar waya, wanda da ka sa giyar baya sai ya nuna maka duk abin da ke bayanka. Washegari na shiga kasuwar kayan mota na sayo irinsa da 'yar kyamararsa, na wuce wajen mai wayarin ɗin da ya shekara ashirin yana duba min batir da fitilu. Shagonsa rumfar kwano ce, tsofaffin batura jere a bakin ƙofa, wayoyi na reto daga ƙusoshi. Ya buɗe kwalin, ya dubi motar, ya ce wannan ai shafa wa tsohuwa jan baki ne. Na ce tsohuwar ce ta ce tana so.

Rediyon da motar ta zo da shi mai kaset ne, tasha ɗaya kawai yake kamawa, ita ma sai an mare shi a gefe. Mai wayarin ya ɓalle robar gaban motar yana addu'a kada ta karye, ya zaro shi, ƙura ta biyo baya. Ramin ya yi wa sabon kaɗan, sai da ya sa zarto ya rage gefen. Bakin wayoyin ma bai dace da na sabon ba, ya zauna da 'yar fitilar gwaji yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan ta wuta ce, wannan ta lasifika. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya ja doguwar waya har but, a hanya ya tsinto safar hannu ta asibiti guda uku da wani biro da na zargi mutane da sacewa. Ya huda wajen lamba ya ɗaura kyamarar. Ya gaya min gaskiya, wannan ce ta farko da ya taɓa sawa.

Salatif ya ƙare masa, ya tsallaka shagon maƙwabcinsa ya aro. Ni kuma na zagaya baya ina duba aiki, kamar yadda na saba duba na ɗalibai. A jikin igiyar kyamarar sai ga wata 'yar farar waya siririya ta fito ta lanƙwasa ta koma, ta yi kunne, tana lilo. Ni a aikina ba a barin igiya tana reto. Cibiya nawa na yanke a duniya, Allah kaɗai ya sani. Hannuna ya shiga jaka ya fito da almakashi tun kafin in yi shawara da kaina, na datse ta, na tura guntayen ciki, wuri ya yi tsaf. Da ya dawo ya naɗe komai, ya sa giyar baya, hoto ya fito tar: fili, ƙasa, tsohuwar taya can nesa a tsakiya. Muka yaba wa juna. Ban ce masa na taɓa komai ba, don ban ɗauka na yi wani abu ba.

Ban gwada fita da baya a gida ba. Girman kai ne, na sani. So nake Manaja ya ga abin a karon farko tare da ni, in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Asabar da hantsi ya iso da sabuwar motarsa mai ƙyalli, ya ajiye ta a cikin gida gefen dama, ya tsaya ya harɗe hannu. Na shiga, na tayar, allon ya kawo haske. Na ga girarsa ta ɗaga. Na sa giyar baya, na kafe idona a kan allo, ko madubi ban kalla ba. Na ga ginshiƙi yana matsowa ta dama, na karya sitiyari don in kauce masa. Ƙarar da na ji ta hagu ta fito. Fitilar baya ta tarwatse a ƙasa.

Na kashe motar na zauna. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina ɗaliba. Ya zo wajen taga, ya miƙo tafin hannunsa.

Har na kai hannu kan makullin. Sai na ce a raina, mace ba ta shekara ashirin da biyu tana tuƙi sannan rana ɗaya ta manta hagu da dama. Na sake tayarwa na sa giyar baya, ƙafata a kan birki. Tankin ruwanmu yana hagun get, a allo kuwa ga shi a dama. Na gane. Amma ban faɗa ba tukuna.

Na gyara motar ta koma rumfa, na fito na ce masa, "Kai da wuyanka yake lafiya, shiga ka fitar da ita. Amma allon kaɗai za ka kalla, kamar yadda na yi."

"Mama, ba sai an kai ga haka ba."

"Tsoro kake ji?"

Ya shiga. Na san ɗana, in aka ba shi ƙa'ida ko gini zai faɗo sai ya bi ta. Ya ja baya a hankali, idonsa a allo, ya ga motarsa ta ɓullo ta inda ba nan take ba, ya kauce mata da kyau, ya je ya same ta. Ƙofar bayan motarsa ta lotsa, fentin ya kwashe kamar faɗin faranti.

Ya fito yana kallon motarsa yana kallon tawa. Na miƙa masa tafin hannuna.

"Kawo makullinka," na ce. "Zan ɗaukar maka direba."

Bai yi dariya ba. Ni ma sai na daina tawa. Na buɗe but, na warware salatif, na nuna masa guntayen farar wayar, na ce ni na yanke ta da hannuna, ba laifin mai wayarin ba ne, ba na wuyana ba ne. Ya ɗauko takardar da ke cikin kwalin, ya karanta ƙananan rubutun da ni ko da tabarau ba na gani. Wayar nan ita take sa hoto ya fito kamar na madubi, in an yanke ta hagu ta koma dama. Na fere bakin biyun da almakashi, na murɗe su tare, na naɗe da filastar ciwo. Tanki ya koma hagu.

Yana tsugune kusa da ni ya ce, murya ƙasa ƙasa, kullum fayil ɗin mutanen da suka fita ba su dawo ba yake buɗewa. Ya ce duk lokacin da lambar da bai sani ba ta kira shi, sai gabansa ya faɗi ya ɗauka ni ce. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san wannan faɗuwar gaban, na yi ta a kansa shekara da shekaru. Amma ni ban taɓa kulle shi a ɗaki saboda ita ba, kuma na gaya masa haka.

"Sharaɗi dai sharaɗi ne, Mama," ya ce. "Kin taɓa ginshiƙi."

"Na taɓa. Kai ma ka taɓa mota. Ranar da na ga ba zan iya ba, ni zan kawo maka makullin nan har ofis, ba sai ka zo ka zauna a ƙasa ba. Yau dai ba ranar ba ce."

Ya tashi ya share gilasan fitilar da gefen takalminsa, ya fita titi ya tsaya yana duba ko mota na zuwa. Na shiga na ja baya. Ginshiƙan suka wuce ta inda suke, ɗaya hagu ɗaya dama, ban taɓa ko ɗaya ba. Na karya na daidaita a kan titi.

A allon na gan shi a bayana, ɗan ƙarami, hannunsa ɗaya a sama, ban sani ba ko tsayar da ni yake ko sallama. Na so in sauka in rungume shi. Na sa giyar gaba, hoton ya ɗauke, na tafi sayen fitila.