Gado Ya Zo Neman Gafara

Gado ya sauka daga kabu-kabu a unguwar Zariya yana bitar jawabin da ya haddace tun daga garinsu Jiratawa. Jibi jirgin alhazai zai tashi da shi. Ya gama zagayen neman gafara, saura mutum guda, yayarsa Fasuma. Shekara goma sha tara ba ta amsa gaisuwarsa ba, tun ranar da ya sare mangwaron da mahaifinsu ya dasa, wai yana yi wa albasarsa inuwa.

Ɗiyarta Hidaya ce ta tare shi a zaure.

"Kawu, Inna fa ba kamar da ba. Likita ya ce wani datti ke taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta, kamar yadda laka ke cushe muku hanyar ruwa a lambu. Ƙwayoyin suna ta mutuwa."

"To ba a yashewa?"

"Wagga ba ta yasuwa, Kawu."

Ya shiga da shirin shan zagi, sai ga tabarma da kwanon fura.

"Marhabin, bawan Allah," in ji Fasuma, fuska a sake.

"Yaya, Makka za ni. Ki yafe mini."

"Na yafe, duniya da lahira. Kai ɗan wane ne?"

Ran Gado ya ɓaci. Irin wannan yafiya ko mai tallan gawayi ya leƙo zai samu. Ina zai kai ta? Shi tasa yake so, mai sunansa a jiki. Ya gyara zama, duk da hararar da Hidaya ke aiko masa.

"Yaya, kin tuna mangwaron Baba?"

Nan take fuskarta ta murtuke, har ya ji daɗi.

"Gado ya sare shi! Ka san Gado? Wani ƙanena ne, ga kunnuwa kamar faifai, amma ba ya jin magana. Don albasa! Albasar ma ta ruɓe."

"Ba duka ta ruɓe ba," ya ce a hankali.

Ba ta kula shi ba. Ta zayyano har tabarmar da ya yi wa fitsari a gidan kakarsu a Tibiri. Hidaya ta shige ɗaki tana toshe baki don dariya. Da Fasuma ta gaji, sai ta matso, ta rage murya.

"Amma tun shekarar da abin ya faru na yafe mishi. Ni na goye shi fa. Kai dai kada ka faɗa mishi. Bari shi tako da ƙafarshi shi roƙa."

Gado ya sunkuya yana kallon ƙafafunsa, ƙasar lambu duk ta bushe a kansu. Jawabin da ya haddace ya bi iska, hawaye ya cika masa ido.

"Ba ni faɗa mishi, Yaya."

"Yauwa," ta ce. "Sha furarka."